Linzami Biyu

A Ƙofar Ruwa na tsinto ta,
ƙarƙashin wata matacciyar fanka,
cikin tulin da 'yan jari-bola ke jibgewa da yamma.
Babu taya ɗaya, babu gilashin gaba,
kyankyaso ya yi ƙwai a gidan batir.
Lawandi ya ɗora ta a sikeli, ya tuntsire:
"Wannan ai roba ce, ba ƙarfe ba.
Ba ni kuɗin shayi ka kwashe."
Rimot ɗin ma sai da na tona na samo shi,
eriyarsa a lanƙwashe kamar wutsiyar kunama.

Irinta Baffa Tasi'u ya zo da ita daga Jidda
shekarar da na shiga aji uku.
Ya kulle ta a kabad, kusa da tangaran ɗin matarsa.
Ta gilashi muka san ta.
Har ya koma ga Allah
ban taɓa jin kukanta ba.

Wata bakwai ta yi a kan bencina a Fagge,
tsakanin rediyoyin mutanen da nake ce wa su dawo jibi.
Lemon tsami da tsohon buroshi suka ci tsatsar.
Giyarta ta zubar da haƙora uku,
na ciro wata daga cikin rikodar kaset,
na yi ta gogawa har suka yarda su ciji juna.
Sufirin kuwa na cikin biro ne.
Tayar da ta ɓata, Sagiru mai faci ya yanko daga tsohon tub
yana tambaya ko lafiyata ƙalau.
Dalma ta ɗiga mini a babban yatsa.
Ga tabon nan, duk alwala sai na gan shi.

Asalinta ja ce. Na ƙi.
Na shafa mata ruwan ɗorawa irin na adaidaita sahu,
na tsoma tsinken tsintsiya a baƙin fenti
na rubuta a bayanta: Sannu ba ta hana zuwa.
Barira ta ce kuɗin cefane ya koma taya,
ta yi kwana biyu tana miƙo tuwo ba magana.
Rana ta uku na tarar da kujerun motar
an lulluɓe su da ƙyallen atamfarta.

Juma'a, bayan La'asar,
na share lungu, na ajiye ta a ƙasa, na zaro eriya.
Yatsana bai kai ga maɓalli ba
ta yi gurnani, ta zabura.
Na ce dama, ta yi hagu.
Na ce baya, ta tsallake bakin kwata
ta faɗa zauren maƙwabta,
ni ina bin ta da furfurata, takalmi ɗaya.

A tsakar gida Zinatu ce zaune kan turmi,
shekara bakwai, ga giɓi,
riƙe da rimot ɗin wata 'yar mota
da babur ya take tun ƙaramar Salla.
Kullum sai ta danna shi, in ji uwarta,
ko da abin zai dawo.
Ashe zango ɗaya muke kamawa.

Motar ta tsaya tsakaninmu tana karkarwa,
na ja, ta ja,
doki ɗaya, linzami biyu.
Yarinyar ba ta ko dube ni ba.
"Ta dawo," ta ce, "har ta yi girma."

A shago akwai akwatin gilashi
da na riga na biya rabin kuɗinsa.
Na tuna hancina manne da kabad ɗin Baffa,
da hucin numfashina a jikin gilashi.

Na maida eriya gidanta, gaɓa bayan gaɓa.
Na ce, "Ki bi da ita a hankali wajen turmin nan,
tayar baya ta hagu tub ce."